Katakon roba zai iya jure ranar Tawa kuwa?

Ba'adare, Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da malamanmu da ke wannan zaure, da fatan kowa ya tashi lafiya. Ina cikin kwamitin iyayen yara na wata makarantar firamare da ke gefen garin Tawa, kuma an ɗora mini nauyin binciko wani al'amari kafin mu taɓa kuɗin da jama'a suka tara da guminsu.

Akwai rumfa a tsakar makarantar wadda yara ke fakewa ƙarƙashinta lokacin hutun hantsi, akwai kuma shingen da ya kewaye ɗan lambun da malamai suka kafa musu. Dirkokin rumfar na dogon yaro ne, bencunan kuma na farin katako. Gara ta cinye gindin dirkokin, har idan mutum ya danna da yatsa sai itacen ya burme ƙasa ta zubo, alhali daga waje lafiya ƙalau ake ganin sa. Mun shafa baƙin mai, mun zuba toka a ramuka kamar yadda aka saba, amma hakan bai hana ba, kuma muna tsoron kada iskar farkon damina ta kayar da rumfar a kan yara.

Makon jiya wani ɗan kasuwa ya zo mana da guntun wani abu da ya kira katakon roba. Tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, launinsa toka-toka mai duhu, kuma ya fi katakon da muka sani nauyi nesa ba kusa ba. Ya ce da ledar piya wata da tsofaffin jarkoki ake yin sa, a narkar da su a zuba a mazubi su fito alluna da dirkoki. Ya ce gara ba ta cin sa, ruwa ba ya ruɓar da shi, ba ya neman fenti, kuma har mu tsufa ba za mu sake sayen wani ba. Farashin da ya faɗa ya ɗara na farin katako sosai. Kwamitin ya rabu biyu, wasu na cewa mu saya mu huta da gara, wasu na cewa robar da muka sani, idan kujera ce ko bokiti aka bari a rana, shekara kaɗan take yi ta ƙeƙashe ta tsage.

Don haka nake neman shawarar waɗanda suka san abin. Zai jure zafin watan Afrilu da Mayu na nan Adar? Za a iya ɗora masa kwanon rufi ya riƙe? Babu illa ga yaran da za su riƙa zama a kansa kullum? Kuma idan har yana da amfani, ta yaya za mu bambanta mai kyau da maras kyau, tunda mu dai guntu ɗaya aka nuna mana? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Kafinta, kasuwar Katako, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya biya ku wannan ɗawainiya da kuke yi wa yara. Ni kafinta ne, kuma wannan kaya ya sha biyowa ta hannuna, saboda haka abin da na gani da idona shi zan faɗa muku.

Maganar gara gaskiya ce. Gara itace take ci da kara da ciyawa da takarda, roba kuwa ba abincinta ba ce. Sai dai ku sani cewa tana iya gina hanyarta ta laka a jikin dirkar roba ta hau har sama, idan akwai itace a can sai ta same shi, don haka dirkar roba ba ta kare tankar itacen da aka ɗora mata. Maganar ruwa ma gaskiya ce. Bayan ambaliyar 2020, lokacin da kogin Kwara ya shiga unguwannin Harobanda na nan Yamai, an kira ni gyaran shingen wani lambu da ya daɗe cikin ruwa. Turakan itace duk sun yi laushi daga gindi, da hannu muke tuge su, amma ƴan turakan roba da mai lambun ya gwada a gefe ɗaya wanke musu laka kawai aka yi suka ci gaba da aiki. Ga shingen lambunku, inda kullum ana ban ruwa kuma ƙasa ba ta bushewa, ban ga abin da ya fi shi ba.

Inda nake so ku yi hattara shi ne benci da kuma rumfa. Na ga bencin da aka yi da allunan roba a ƙofar wani gida, tsawonsa kamar mita biyu, an ba shi ƙafafu a bakin nan da bakin can kawai, kamar yadda muke yi wa katako. Bai karye ba, amma tsakiyarsa ta lotsa ta yi ciki, har ruwan sama yana kwanciya a wurin, kuma ko babu kowa a kai ba ya komawa yadda yake. Katako idan ya ɗauki nauyi ya lanƙwasa, da an sauke sai ya miƙe, wannan kuwa a hankali yake sakin jiki, musamman da rana tsaka, kuma inda ya tsaya nan yake zama. Idan za ku yi benci da shi, sai an sa masa abin tallafi a ƙasa kowane santimita 30 zuwa 40, ko kuma mai walda ya haɗa muku firam na ƙarfe a shimfiɗa allunan a kai. Wannan na biyun shi na fi so, domin ƙarfen ne ke ɗaukar nauyi, robar kuma ta zama wurin zama kawai.

Game da aikinsa, zarto yana yanka shi ba wahala, amma idan na inji ne kuma aka matsa masa da sauri, sai bakin ya yi zafi robar ta narke ta liƙe a haƙora. Ƙusa ba ta kama shi yadda take kama katako, tana iya lanƙwashewa wajen bugu, kuma bayan zafi da sanyi sun yi ta juyawa sai ta fara fitowa. Huda shi ake fara yi, sannan a ɗaure da noti mai ratsawa har ɗaya gefen, a sa washa mai faɗi. Gam ɗin kafinta ba ya kama shi ko kaɗan, fenti kuma ɓarewa yake yi, don haka launin da kuka saya da shi za ku zauna. Duk kafintan da za ku ba aikin, ku tambaye shi ko ya taɓa yi, domin wanda ya ɗauke shi tamkar farin katako zai ɓata muku kaya masu tsada.

Nauyin da kuka ji ma ku sa shi a lissafi, saboda kuɗin mota daga inda ake yin sa zuwa Tawa da nauyi ake yanke shi.

Injiniya, Yamai

Ina yi wa kowa sallama. Baba kafinta ya faɗi abin da ya gani, kuma duk abin da ya faɗa yana da dalili a yanayin kayan, shi ne nake so in ɗan buɗe domin kwamitinku ya samu abin yin hukunci da shi.

Roba ba iri ɗaya ba ce. Idan kuka juya gindin jarka ko bokiti, sau da yawa za ku ga ƴar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 2 ita ce robar jarkokin mai da na sabulun ruwa, wadda ake rubuta wa HDPE, ko PEHD a takardun Faransanci, kuma ita ce ƙashin bayan katakon roba mai kyau. Lamba 4 ita ce ta yawancin leda mai laushi, lamba 5 kuma ta kujeru da bokitai da buhunan saƙa. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo mai garai-garai, lamba 3 kuma PVC ce ta bututun ruwa. Kowace tana da zafin da take narkewa: lamba 4 wajen digiri 110, lamba 2 wajen 130, lamba 5 wajen 160, lamba 1 kuwa sai an kai kusan 250. Idan mai yin allunan bai tsince su ba ya haɗa su duka a tukunya ɗaya, wasu za su narke wasu su rage gutsattsari a ciki, kuma daidai wurin gutsattsarin nan allo yake karyewa. Wannan ya kuma nuna muku cewa ranar Tawa, ko da inuwa ta haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ba za ta narkar da shi ba. Abin da take yi masa shi ne ta rage masa tauri.

Taurin shi ne babbar magana. Robar lamba 2 zalla, idan aka auna yadda take ƙin lanƙwasa, ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na katako mai kauri ɗaya da ita ba, kuma da zafi ya ƙaru sai ta ƙara laushi. Bayan haka tana da halin da Baba ya kwatanta, wato idan nauyi ya daɗe a kanta tana ci gaba da lanƙwasa kaɗan-kaɗan wata da watanni. Ana magance wannan ta hanyar lissafi: idan aka rage tazarar da ke tsakanin ƙafafun benci zuwa rabi, lotsawar da mutum ɗaya zai jawo a tsakiya tana raguwa har ninki takwas, haka ma idan aka ninka kaurin allon sau biyu. Shi ya sa dirkar da ke tsaye gajera mai kauri ba ta da matsala, amma dogon allo da aka gitta tsakanin dirka biyu aka ɗora masa kwano shi ne wurin da kayan ya fi rauni. Ni ba zan sa hannu a kan rumfar yara da aka yi wa gicciyen sama da robar da ba a ƙarfafa ba.

Kada wannan ya sa a zaci roba ba ta iya ɗaukar kaya ko ta yaya. A Amurka, masu bincike na jami'ar Rutgers sun samar da wani haɗi na robar da aka sake narkarwa wanda aka gina gada da shi a sansanin soja na Fort Bragg a 2009, tankar yaƙi mai nauyin kusan tan 70 ta bi ta kai. A 2011 an yi wata gadar irinta a kan kogin Tweed a Sikotilan. Amma waɗannan an ƙarfafa su ne da wasu haɗe-haɗe, irin su zaren gilashi, an kuma yi musu siffa da kauri bisa lissafi. Ba su ne guntun da aka kawo muku ba, kuma idan mai sayarwa ya kafa muku hujja da hoton gada, ku tambaye shi ko nasa an ƙarfafa shi, da me, kuma ina takardar gwaji.

Abu na gaba shi ne miƙewa da tsukewa. Wannan roba tana ƙara tsawo da kimanin milimita 0.1 zuwa 0.2 a kowace mita ɗaya idan zafi ya hau da digiri ɗaya, wato ta ninka ƙarfe sau takwas ko fiye. Ku ɗauki allo mai mita 3. Da asubahin hunturu jikinsa na iya zama digiri 15, da azahar ɗin Afrilu kuma, idan mai duhu ne kuma rana na dukan sa kai tsaye, yana iya kai wa 65. Bambancin digiri 50 ke nan, wanda zai sa allon ya ƙaru da aƙalla santimita ɗaya da rabi, alhali firam ɗin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ko milimita biyu bai cika ba. Idan aka ɗaure shi tamau ba a bar masa wurin motsi ba, ko dai ya tanƙware ya yi doro, ko ya yage ramin notin. Saboda haka ramin da za a huda ya fi notin faɗi, a bar tazara tsakanin bakin allo da bakin allo, kuma gajerun alluna sun fi dogaye sauƙin sha'ani.

Waɗanda suka kawo misalin kujerar da ta ƙeƙashe ba su yi kuskure ba. Hasken rana yana tsinka robar daga fuskarta, ta yi fari-fari, ta yi gari, ta fara tsagewa. Kujera da bokiti sirara ne, shi ya sa lalacewar ke ratsa su da wuri, allo mai kaurin santimita 3 ko 4 kuwa fatarsa kawai abin ke fara ci. Maganin da aka fi dogara da shi shi ne garin baƙin gawayi na masana'anta, wanda ake zubawa kimanin kashi 2 cikin 100, kuma dalilin da ya sa baƙin tiyon ruwa ke daɗewa a rana ke nan. Matsalar ita ce baƙi ya fi jure haske amma ya fi ɗaukar zafi. Ga turakan shinge ku zaɓi baƙi ba tare da shakka ba, ga benci kuwa sai dai a ƙarƙashin inuwa, domin allon da ya kai digiri 60 yana iya ƙona cinyar yaro.

Ga gwajin da za ku iya yi ba tare da wani inji ba. Ku yanka guntun da zarto ku dubi cikinsa da kyau: ƙananan ƙofofin iska a tsakiya ba abin tsoro ba ne, amma manyan ramuka kusa da gefe, ko gutsattsarin leda da ba ta narke ba, ko ƙarfe da tsumma, alamar aikin gaggawa ne. Sannan ku jefa ɗan yanki a bokitin ruwa. Lamba 2 da 4 da 5 duk sun fi ruwa rashin nauyi kaɗan, don haka suna tasowa. Idan ya nutse, to akwai wani abu a ciki, ko yashi, ko PVC, ko garin katako. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin akwai wani nau'in da ake haɗa roba da garin katako kusan rabi da rabi, ya fi tauri, amma yana shan ruwa kaɗan-kaɗan, kuma bai dace a binne shi a ƙasa mai laima ba.

Uwar ƙungiya, Yamai

Assalamu alaikum. Ƙanena Ba'adare, sannu da ƙoƙari. Ni ina cikin matan da ke tara leda da jarkoki muna wankewa muna sayar wa masu narkarwa, don haka zan yi magana a kan tambayarka ta lafiyar yara, wadda nake ganin ba a taɓa ta sosai ba.

Allon da ya riga ya daskare, zama a kansa ba shi ne abin damuwata ba. Damuwata ita ce abin da aka zuba a ciki tun farko. A cikin kayan da yara ke kawo mana muna samun galan na maganin ƙwari na gona, da na gubar ɓera, da kwanson batir, da robar tsofaffin talabijin, kuma mu ware su muke yi gefe, amma ba kowa ke warewa ba. Ka shinshina guntun nan bayan ya sha rana. Idan warin roba ne kawai mai sauƙi, to madalla, idan kuwa yana warin magani ko ƙauri mai hawa kai, kada ku sa shi inda yara za su ɗora abinci ko kusa da kayan lambun da za su ci. Ka tambayi mai kayan daga ina yake samun robarsa, kuma ko da inji mai rufi yake narkarwa ko a buɗaɗɗiyar ganga a kan wutar itace. Na tsaya kusa da irin gangar nan, na ga yadda baƙin hayaƙi ke turnuƙe samarin da ke juyawa, idanunsu jajur suna tari, kuma idan PVC ta shiga ciki hayaƙin har maƙogwaro yake yanka. Robar da aka ƙona haka ma ta riga ta rasa ƙarfinta. Bai kamata a ce an tsabtace unguwa da huhun ƴaƴan wasu ba.

Duk da haka ina roƙon kwamitinku kada ya yi watsi da abin gaba ɗaya. Tun 2014 aka kafa doka a ƙasar nan da ta hana shigowa da sayar da leda mai laushi, amma kowa ya ga yadda take rataye a ƙayoyi, take toshe magudanan ruwa da damina, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga dunƙulen da ake cirowa daga tumbin akuya da saniya. Ledar da ba ta da mai saye babu wanda zai sunkuya ya tsince ta. Allo guda yana cinye leda dubbai, kuma kowane kilo da aka saya kuɗin cefane ne a hannun wata mace. A Kodebuwa, hukumar UNICEF ta haɗa hannu da wani kamfanin ƙasar Kolombiya mai suna Conceptos Plásticos ana gina azuzuwa da tubalin roba, kuma mata ne ke tara musu kayan. Abin da nake so shi ne masu saye irinku su riƙa tambaya, domin tambayarku ce za ta tilasta wa masu yi su gyara aikinsu.

Ƙaramar shawara ta ƙarshe: ranar da kafinta zai yi yanka, a shimfiɗa buhu a tattare garin robar, kada a bar shi ya shiga ƙasar lambu ko kaji su tsattsage shi.

Tsohon magini, Tawa

Ina gaishe ku duka. Ɗana, na karanta abin da aka rubuta maka, kuma ban ƙi ko ɗaya ba, amma akwai abin da ya hana ni yin shiru, shi ne wuta. Ba mu manta da gobarar azuzuwan zana ta unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilun 2021 ba, inda yara kimanin 20 suka rasu, da ta Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, wadda ta fi ta yawan rai. Allah ya jiƙan su. Allo mai kauri ba ya kamawa da sauri kamar zana, wannan na yarda, amma roba daga man fetur aka yi ta, idan ta kama tana ci tana ɗiga, kuma ɗigon yana manne wa fata yana ci gaba da ƙuna. Abin da ke ɗiga da wuta ba a ɗora shi saman kan yara. Idan har rumfarku tana da zana a gefe ko a sama, to kada roba ta kusance ta, kuma masu sayar da abinci su matsar da murhunsu nesa.

Iyayenmu da azarar giginya suke rufi, wadda gara ba ta cika damun ta ba, amma yau giginyar Gaya da ke jihar Doso ta yi ƙaranci, sarewa sai da izini, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin kwamitin makaranta. Dogon yaron da aka dasa a kwarin Majiya na nan jihar Tawa tun 1975 don tare iska ya nuna mana cewa itace ma ana noma shi, sai dai ɗanyen reshe da aka sare aka kafa nan take abincin gara ne, kuma ina zaton irinsa aka kafa muku. Ni a ganina, ku yi dirkokin rumfa da bututun ƙarfe, a dasa su cikin kankare da ya ɗago sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya. Wurin zama kuwa, me ya hana ku gina dakali da bulo a shafe shi da siminti? Ba ya lotsawa, ba ya kama wuta, ba a sace shi, kuma maginan unguwarku za su ci abinci. Robar ku kai ta lambu, can ne wurinta.

Ba'adare, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, maganar wuta ta shiga jikin kowa da na karanta wa kwamiti, kuma an amince gicciyen sama da dirkokin rumfa za su zama na ƙarfe. Dakali ma an karɓa, sai dai malamai sun roƙi a bar benci biyu da za a iya ɗagawa a shigar aji idan baƙi sun zo.

Mun yi gwajin da Injiniya ya faɗa. Yankin da muka jefa a bokiti ya taso, cikinsa kuma launi ɗaya ne, akwai ƴan ƙofofi kamar ƙwayar gero a tsakiya, gefen kuwa a cike yake. Hajiya, mun bar shi a rana tun safe har azahar, babu warin magani, amma hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Mai kayan ya ce da inji yake narkarwa, kuma ya yarda wakilinmu ya je ya gani. Abin da ya rage mana shi ne shingen lambu: wane kauri za mu nema, kuma waya ko raga za a iya ɗaure ta a jikinsa ba tare da ta karkatar da shi ba?

Injiniya, Yamai

Malam, sakamakon gwajin yana da kyau, amma ku sa a yarjejeniya cewa za ku zaɓi turke ɗaya da kanku daga cikin kayan da aka sauke ku yanka, domin guntun talla ba lallai ya zama daidai da sauran ba.

Ga shingen da bai wuce mita ɗaya da rabi a sama ba, ku nemi turke mai kaurin santimita 8 zuwa 10, a binne aƙalla santimita 50, a daddale ƙasar sosai. Jan waya nauyi ne da ba ya sauka dare da rana, kuma irin nauyin da ke karkatar da roba ke nan. Saboda haka turakan kusurwa da na ƙofa, waɗanda a kansu ake ɗame waya, ku yi su da ƙarfe ko kankare tare da tokari, na roba kuma su zauna a tsakani, aikinsu kawai su riƙe ragar a tsaye. Kada a buga ƙusa a jikinsu, a huda a zura waya a murɗe ta baya. Idan lokacin share ciyawa ya yi bayan damina, a gargaɗi mai gadi kada ya tara ta ya cinna wuta a gindin shingen.

Bencin nan biyu kuma, ku ce wa mai walda ya sa gicciyen ƙarfe kowane santimita 35, allunan kada su wuce mita ɗaya da rabi, kuma a nemi masu launi mai haske idan yana da su.